Na ɗora Bitcoin Core don in ƙirga kuɗin da kaina

Na daɗe ina jin ana cewa Bitcoin ba zai taɓa wuce miliyan 21 ba, ni ma ina faɗa wa wasu haka alhali ban taɓa tabbatarwa ba. Gani ya kori ji, sai na sauke Bitcoin Core, manhajar da ke ajiye kundin cinikayyar Bitcoin tana tantance shi, a tsohuwar kwamfutata.

Manhajar kyauta ce, ɗora ta babu wuya. Jiran ne sai mai haƙuri. Kwana shida fankar kwamfutar tana kuka dare da rana, manhajar tana bin tubalan, wato shafukan kundin cinikayyar, ɗaya bayan ɗaya tun daga na farko, na 3 ga Janairu 2009, tana tantance kowane ciniki. Kundin ya haura gigabayit 600. Da na san haka tun farko, da na kunna zaɓin nan da ke goge tsofaffin tubala bayan ta gama duba su.

Da ta kammala, na rubuta gettxoutsetinfo, umarnin da ke ƙirga jimillar Bitcoin da ke akwai, na zauna ina kallon allo. Bayan 'yan mintoci adadin ya fito, miliyan 19 da ɗoriya, kwamfutata ce ta tattara shi da kanta. Gaskiya raina ya yi fari. A nan na gane inda ƙarancin yake zaune. Ladan masu haƙa, wato sababbin Bitcoin da ake ba masu haɗa tubalan, ya fara da 50 a kowane tubali, yana rabuwa biyu duk bayan tubali 210,000, har ya sauko 3.125 a Afrilun 2024. Duk wanda ya rubuta wa kansa fiye da haka, wannan kwamfutar tawa mai nishi za ta yi watsi da tubalinsa, haka ma dubban irinta a faɗin duniya.

Amma kada a ce ƙaranci kaɗai ne ke ba kuɗi daraja. Bitcoin Cash da ya ɓalle daga Bitcoin a 2017 shi ma miliyan 21 ne iyakarsa, darajarsa kuwa ko kusa ba ta kama ƙafar na asali ba. A ganina, abin da ake saye shi ne yawan mutanen da suka tsaya kan ƙa'ida ɗaya suka ƙi a taɓa ta.

Wanda saye da sayarwa kawai yake so, wannan manhaja za ta gundure shi, ba ta nuna farashi ma. Mai son gwadawa kuwa ya tanadi SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri, da intanet mai ƙarfi kafin ya fara.