Sharhi kan aikin buga gajeriyar waƙa a firam: hoto da baiti

Shagunan da ke buga katin biki da kalanda suna karɓar wani aiki da mutane ke so: mutum ya kawo baitoci uku ko huɗu na waƙar tunani kan halittun Allah, su ɗora su a kan hoto, su buga, su sa a firam. Ana kai shi kyautar walimar sauka ko tarewar amarya, wasu kuma su rataye a falo ko ofis. A ganinmu aikin inji da na firam yana fitowa da kyau a yawancin shagunan idan mai kaya ya san abin da zai nema. Inda ake yin ɓarna shi ne wajen zaɓen hoto, domin mai zane a kwamfuta ba kasafai yake karanta waƙar ba kafin ya nemo abin da zai shimfiɗa a bayanta.

Ga wata gajeriyar waƙa ƙwar biyu, wato mai layi biyu a kowane baiti, da muka tsara don auna aikin, a bisa karin mutaƙarib, ɗaya daga cikin ma'aunan waƙa da aka aro daga Larabci, da amsa-amon "ni":

Ruwa ya ƙafe, rijiya ta yi nisa,
Da kuka da marke tsirara a rani.

A gefensu gawo yana sanya kore,
Ina ne ya samo ruwa har da launi?

Da marka ta sauka, ƙasa ta yi riga,
Sa'an nan ya tuɓe, shiru ba bayani.

Rabo na ga Sarkin da ke ba da marka,
Yana ba wa kowa da nasa ma'auni.

Zayyana ita ce ta cika baiti na farko, wato kalmomin da ke zana wa mai karatu hoto a zuci. "Rijiya ta yi nisa" ba ta ce ana ƙishi ba, amma duk wanda ya taɓa jan guga a watan Maris zai ga igiya tana ƙarewa ba a taɓa ruwa ba. Kuka da marke an mutunta su, an ce suna tsirara, kuma wannan mutuntarwar ce ke ɗaure waƙar har ƙarshe: gawo yana sanyawa, ƙasa tana yin riga, gawo yana tuɓewa. Sutura guda ce ake ta miƙawa daga wannan zuwa wancan.

Gawo kuwa alamtarwa ce, wato abin da aka ambata don ya tsaya a madadin wata ma'ana, kuma ƙarfinta ya dogara ne kan abin da manomi ya sani da idonsa. Itace ne mai saɓa wa sauran: yana fitar da ganye da rani, ya zubar da damina. Saiwarsa tana nutsawa ƙasa sosai ta iske ruwa lokacin da saman ƙasa ya bushe. Da rani dabbobi suna cin 'ya'yansa suna kwanciya a inuwarsa, da damina kuma ba ya tare wa gero rana, ga ganyen da ya zubar ya zama taki, shi ya sa hatsi ke yin kyau a ƙarƙashinsa. Wanda ya ratsa gonakin Matamaye da Magarya a kudancin Damagaram ya ga yadda manoma ke barin sa a tsakiyar gona. To mai waƙa bai buƙaci ya ce "jinkiri ba rashi ba ne". Ya nuna itacen da rabonsa ke zuwa lokacin da na kowa ya yanke, sannan ya ambaci Mai rabon a baiti na ƙarshe kawai. Wannan hanya ta kai hankali daga halitta zuwa Mahalicci tsohuwa ce a waƙoƙin wa'azi, kuma mai karatu ya saba da ita daga Alƙur'ani: raya ƙasa bayan mutuwarta a Suratur Rum aya ta 50, da misalin kyakkyawar kalma da kyakkyawar bishiya a Suratu Ibrahim aya ta 24.

Abin da shago zai ba ka idan ka bar masa zaɓi kusan iri ɗaya ne ko'ina. Mai zane zai ga kalmar ruwa ko marka, ya sauko da hoton ruwa mai kwararowa daga dutse, ko tsaunuka masu ƙanƙara, ko ciyawar ƙasashen sanyi da furanni. Hoton yana da kyau a kan kansa, amma ya ƙaryata ɗango na farko, wato layin farko, da ke cewa ruwa ya ƙafe. Ido yana riga karatu isa. Kafin mutum ya karanta kalma ɗaya ya riga ya ƙoshi da kore, don haka idan ya zo ga "gawo yana sanya kore" babu sauran mamaki, tambayar da ke biye kuma ta zama ba ta da dalili. Kuskure na biyu ya fi wannan yawa: hasken rana mai ratsa gajimare, ko tafin hannu biyu a ɗage ana addu'a. Masu zane suna son su domin suna sanar da cewa waƙar ta addini ce. Illarsu ita ce suna faɗin baiti na huɗu tun kafin a karanta na farko. Alamtarwa tana aiki ne idan an bar mai karatu ya isa ga ma'ana da ƙafarsa, ɗango bayan ɗango.

Na uku shi ne cunkoso. Wasu kan so su sa duk abin da waƙa ta ambata, rijiya a nan, kuka a can, hadari a sama, awaki a ƙasa. Firam ɗin sai ya koma darasin firamare, rubutu kuma ya rasa wurin zama.

Abin da ya dace a nema shi ne hoto ɗaya na abu ɗaya, kuma ya tsaya a tsakiyar waƙar, kada ya kai ƙarshenta. Ga wannan waƙa, gawo guda cike da ganye a cikin gona da aka girbe, ƙasa fara, sama da hazon hunturu. Ana samun irinsa tsakanin Disamba da Maris. A ɗauka da hantsi ko da la'asar sakaliya, domin da tsakar rana inuwa tana taruwa a gindi ta yi baƙi, ganyen kuma ya fito toka-toka. A tsugunna kaɗan don itacen ya fita daga layin ƙasa ya shiga sama, a ajiye shi a kashi ɗaya cikin uku na ƙasan hoton ko a gefe, a bar sararin sama fanko don rubutu. Hoton Agusta, gawo tsirara a cikin koren gero, yana da nasa kyau, sai dai ya tona juyin da ke baiti na uku. Mun fi son na rani, domin shi ne ke sa mai kallo ya yi tambayar da waƙar ta yi. Idan mai kaya ba ya son hoton abu mai rai a ɗakinsa, kamar yadda mutane da dama ba sa so, a faɗa tun farko a guji dabbobi da mutane a cikin hoton. Waƙar ba ta rasa komai.

Da sharaɗi guda: a tabbata gawo ne. Masu zane da dama a birni ba sa bambanta shi da bagaruwa ko farar ƙaya, kuma abin da intanet ke kawowa galibi itatuwan dajin gabashin Afirka ne masu shimfiɗaɗɗen kai. Gara mai kaya ya kawo nasa hoton.

Wajen girma, A3 ya fi dacewa da baiti huɗu, wato milimita 297 da 420. A4 yana matse ɗango har a karya shi biyu, kuma karya ɗango laifi ne babba a waƙa mai kari: ido zai tsaya inda murya ba ta tsaya ba, amsa-amo ya bar bakin layi. Kowane ɗango ya zauna a layinsa, a bar tazarar layi guda tsakanin baiti da baiti. Girman harafi 28 zuwa 34 yana karantuwa daga taku biyu ko uku. A bar gefe na aƙalla santimita 2 da rabi ko'ina, domin leɓen firam yana cinye kusan milimita 5.

Don hoto ya fito tsaf a A3 ana son ɗigo 300 a kowane inci, wato fiksel 3508 da 4961. Rabin haka ma yana wucewa ga abin da za a kalla daga nesa, amma ƙasa da haka ganyen gawo, wanda ƙanana ne ƙwarai, zai dunƙule ya zama tabo. A nan ne WhatsApp ke cutar mutane: idan an tura a matsayin hoto yana matse shi ya rage masa fiksel. A tura a matsayin fayil, ko a kai a filashi.

Haruffa masu lanƙwasa su ne wurin da ya kamata a tsaya a kan mai zane. Yawancin salon haruffa na ado ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Ko dai kwamfuta ta sa akwati fanko, ko ta aro harafin daga wani salo ya fito daban da 'yan'uwansa, ko kuma mai zane ya share lanƙwasar da kansa don ya huta. A waƙar nan "ƙafe" zai koma "kafe", ruwan da ya bushe ya zama ruwan da ya tsaya cak, "ƙasa" kuma ta koma "kasa". Noto Serif da Charis SIL da Gentium duk suna da haruffan, kuma kyauta ne. Tunda shaguna da yawa da manhajar zane ta CorelDRAW suke aiki, a ce wa mai zane ya mai da rubutun ya zama zane kafin ya kai wa inji, ko ya fitar da PDF da haruffan a ciki, don kada su sauya a kwamfutar da ke haɗe da injin.

Launi ma yana yaudara. Fuskar kwamfuta haske take fitarwa, takarda kuwa ba ta yi, saboda haka abin da aka buga kullum ya fi duhu. Hazon hunturu yana da saurin lalacewa a inji: idan rawaya ta yi yawa ya zama ƙura mai datti, idan shuɗi ya yi yawa ya koma sararin damina, ma'anar hoton ta juye. A biya kuɗin gwaji a ƙaramar takarda, a fita da ita waje a duba a hasken rana, ba a ƙarƙashin fitilar shago ba. Rubutu ya zama baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu a kan sararin. Farin rubutu mai inuwa a bayansa, wanda masu katin biki suka saba da shi, yana gajiyar da ido kafin a kai baiti na uku.

Takarda mai kauri giram 250 zuwa 300, marar ƙyalli, ita ce zaɓinmu. Mai ƙyalli a bayan gilashi tana mai da hasken taga sau biyu. Fleks na allon talla ne, saƙarsa tana cin gefen haruffa, kada a yarda da shi ko da an ce ya fi araha. A tambayi irin tawadar injin: wadda ke narkewa a ruwa tana da kaifin launi amma tana kodewa da wuri a ɗaki mai rana, mai ƙwayar launi ta fi jurewa. A sa kwali mai taga tsakanin takarda da gilashi, in ba haka ba laimar damina za ta manna su, hoton ya yi tabo. Bayan firam na matsattsen garin katako yana kumbura idan bango na tsattsafo, don haka a liƙe gefensa da tef, a sa ɗan abin tokare a kusurwoyin ƙasa iska ta riƙa ratsawa. Farashi yana bin girma da irin firam, kuma ya fi kyau a sa shago ya faɗi kuɗin zane da na bugu da na firam daban-daban, don a san inda za a rage.

Masu son ajami suna da hanya biyu. Akwai salon haruffa na kwamfuta, Alkalami da Harmattan, da aka yi don rubutun yankinmu, amma dole wanda ya iya ajami ya duba kafin bugu, musamman ɗigon fa a ƙasa da na ƙaf guda a sama kamar yadda aka saba a rubutun Warshu, da ɗigon imala na wasalin "e" da kalmomi irin su kore da tuɓe ke buƙata. Hanya ta biyu, wadda muka fi so, ita ce a buga hoton kaɗai a kai wa alaramma mai kyakkyawan hannu ya rubuta baitocin a farar takarda daban, a haɗa su a firam ɗaya mai taga biyu. A tuna cewa tawadar allo an yi ta ne don a wanke, ɗigon ruwa ɗaya zai tafi da ɗango. Sai ta bushe sarai kafin a rufe, kuma kada a goge gilashin da jiƙaƙƙen tsumma ta gefen da ruwa zai iya zurarawa ciki.

Takardun gwaji da waɗanda suka lalace a inji galibi ƙasa suke zuwa a shago, a taka su, a share su cikin shara. Idan waƙarka tana ɗauke da sunan Allah ko an ɗora aya a samanta, ka faɗa wa mai shago tun kafin a kunna inji cewa za ka karɓi duk takardar da ta fito, mai kyau da marar kyau, ka kuma ƙirga su kafin ka fita.