GLK 350, Lexus NX ko Acura RDX: wacce ta dace da mai iyali a Gombe?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya kawo tambaya. Yana zaune a Tumfure da mai ɗakinsa da yara uku, babbansu ya kai shekara 12. Kusan duk wata sai sun je gida Kaltungo, jefi-jefi kuma su leƙa Bauchi ko Jos. Yana son ƙaramar jif ta alfarma, 'yar Kwatano, amma hankalinsa ya rabu tsakanin Mercedes GLK 350 da Lexus NX 200t.

Malam, kafin ka yanke shawara ƙara ta uku a lissafinka: Acura RDX ƙirar 2013 zuwa 2018. Ba a cika ambatonta a wajen dillalai ba, amma ga wanda zai jera yara uku a baya, ita ce ta fi cancanta a fara dubawa.

Mu fara da kujerar baya, tunda can ake rigimar tafiya. Wurin miƙe ƙafa a GLK inci 35 ne da ɗoriya, a NX 36, a RDX 38. A takarda bambancin kamar ba komai, amma ka zaunar da saurayi ɗan 12 a bayan direba mai tsawo ka gani. GLK kuma tana da tudu a tsakiyar ƙasan baya, inda sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya ta wuce, don haka yaron tsakiya sai ya raba ƙafafu dama da hagu har a isa Billiri. Ƙasan RDX kusan a shimfiɗe yake. But ɗin NX ne ƙarami: na RDX ya fi shi da kusan rabi. In ana dawowa daga gida da buhun masara, galan ɗin man gyaɗa da akwatin uwargida, NX za ta sa wani ya rungumi kaya a cinya.

Sai inji, inda kuɗi ke tafiya.

GLK iri biyu ce, kuma dillali ba zai bambance maka ba sai ka tambaya. Ta 2010 zuwa 2012 tana da injin M272. Ta 2013 zuwa 2015 tana da M276, wanda ya fi ƙarfi, amma yana fesa fetur kai tsaye cikin silinda, ba ya haƙuri da gurɓataccen mai. Wanda ke shan man bumburutu a gefen hanya ya sani nozul ɗinta da famfon mai ba araha ba ne. A tsohon injin kuma akwai wani ɗan hannu na roba a jikin bututun shigar iska da ke karyewa in ya tsufa, fitilar inji ta kama, mota ta rage ja. Abu biyu ne suka fi kama mutane a GLK. Na ɗaya, makullin sitiyari na lantarki: rana ɗaya ka sa makulli, ba ƙara, ba motsi, sitiyari a kulle. Ba aikin makanike na gindin bishiya ba ne, sai mai kwamfutar Marsandi. Na biyu, tsatsa a ƙarfen da ke riƙe ƙafafun baya. Motocin da suka fito daga jihohin Amurka masu ƙanƙara, inda ake zuba gishiri a titi, sukan ci daga ciki, waje kuma fes. A ɗaga motar, a ƙwanƙwasa wurin da guduma. In ta fara zubar da ɓawo, ka yi sallama.

Amma a gaya gaskiya, a kan hanyar Bauchi babu wadda ta kai GLK zama daram. Nauyinta da tsayinta daga ƙasa suna ba direba natsuwa. Sai dai baƙin manta ya kai lita 6 da rabi zuwa 8 gwargwadon injin, kuma dole mai lambar 229.5 a jikin galan. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, V6 mai nauyi irin wannan a cunkoson Babbar Kasuwa ba abin wasa ba ce.

NX 200t ta fito daga 2015, a 2018 aka sauya mata suna zuwa NX 300, injin ɗaya ne: silinda huɗu, lita 2, da tabo (turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ƙara masa ƙarfi). 'Yar'uwar RAV4 ce ta wajen ƙasa, shi ya sa makaniken da ya iya Toyota ba ya baƙunta da ita, kuma ita ce ta fi sauƙin shan mai a ukun. Tabo ɗin ne ke son ladabi. Baƙin mai 0W-20 na gaske, kusan lita 5, a sauya duk kilomita 5,000 saboda ƙurar hunturu da zafin Maris da Afrilu. In aka zuba mata mai kauri irin wanda ake zuba wa tsohuwar Golf, siririn bututun da ke kai mai ga tabo yakan toshe, daga nan sai hayaƙi. Ita ce mafi ƙasa a ukun, a kula da kwazazzaban unguwa lokacin damina. Ita ce kuma ta fi tsada wajen saye, ta fi saurin samun mai saye ranar da ka gaji da ita.

RDX tana ɗauke da V6 na Honda mai lita 3.5, dangin wanda ke cikin Accord, Pilot da Odyssey. Ba tabo, ba fesa mai kai tsaye, don haka ta fi haƙuri da man da muke samu. Hattara da ƙirar 2007 zuwa 2012, wannan wata mota ce daban mai tabo, ba ita ake nufi ba. Sharaɗin RDX ɗaya ne, kuma ba a yi masa gardama: abin da ke daidaita motsin fistin da bawul a injinta bel ne, ba sarƙa ba. Ana sauya shi wajen mil 100,000, kimanin kilomita 160,000, ko shekara 7. In ya tsinke a guje, fistin yana dukan bawul, an shiga buɗe inji. Tunda ba ka san tarihin motar ba, ka ɗauka ba a taɓa sauyawa ba. A satin farko a sauya bel, famfon ruwa da abin ɗaure bel ɗin a tare. Wajen gwaji, in ka ji 'yar karkarwa kana tafiya a hankali da ƙafa kaɗan a kan totur, man giya ya gaji. DW-1 ake zuba mata, ba wani ba. Rauninta na gaske kayan jiki ne: fitila, bamba, madubi. In ɗan acaɓa ya goge ka, da wuya a samu a Gombe, sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, ko Apo a Abuja, wani lokaci har Ladipo a Legas.

BMW X3 mai injin N20 da Audi Q5 ta farko mai lita 2 ba su shiga lissafin ba. Ɗaya da matsalar sarƙar inji, ɗaya da shan baƙin mai, ga ƙarancin masu gyara.

Duk wadda ka zaɓa, je da sassafe a tayar da ita a gabanka injin na sanyi. Kunna makulli ba tare da tayarwa ba, ka ga fitilar inji da ta jakar iska sun kama, sannan su mutu bayan an tayar, don akan kashe ƙwan don ɓoye laifi. Da lambar shasi mai harufa da lambobi 17 za a binciko maka tarihinta: haɗari, ambaliya, ainihin mil, da ko an sauya mata jakar iska ta kamfanin Takata, wadda aka gano tana da lahani, kuma matsalar ta shafi GLK da RDX na shekaru da dama. Ɗaga kafet ka shinshina, ka duba tsatsa a ƙarfen kujera. A leƙa salansa a ga ba a cire indomi ba, wato matatar hayaƙin da ke cikinta. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya mako da shekara ne, 2318 na nufin mako na 23 a 2018. A GLK mai 4MATIC, wato mai ja da tayoyi huɗu, juya sitiyari har ƙarshe ka zaga a hankali, in tana tsalle-tsalle akwai magana a giya. Takardun kwastan su yi daidai da lambar shasi. Kuma kada ka bari a cire mata tamosta, abin da ke daidaita zafin inji, ko a haɗa fanka kai tsaye da sunan zafin Gombe, a sa ruwan lagireto na gaskiya kawai.

Da yara uku da hanyar Kaltungo, ɗauki RDX ta 2016 zuwa 2018, ka ware kuɗin bel tun kafin ciniki. In kuɗin ya kai kuma ba kwa yawan ɗaukar kaya, NX. GLK kuwa sai in ka riga ka san mai kwamfutar da zai duba maka ita, kuma lambarsa tana wayarka.