Filin Roumdé Adjia: ciyawa ta yi kyau, amma ka zo da hula

Ɗan ƙanwata ne ya matsa mini na rufe shago da wuri ranar Lahadi, muka hau mashin daga Yelwa zuwa filin Roumdé Adjia da ke nan Garwa, arewacin Kamaru, kallon wasan Coton Sport, kulob ɗin garinmu. Rabona da filin tun Janairun 2022, lokacin gasar cin kofin Afirka, ranar da Iheanacho ya zura wa Masar ƙwallo ɗaya tilo, 'yan Yola da Mubi suka cika Garwa har wajen kwana ya yi wuya. Nan dai kuma Tunisiya ta sallami Najeriya bayan kwana 12, baƙinmu suka koma gida ba sallama.

Shiga ba wahala. Tikiti a hannu, a duba ka, ka wuce. Ciyawar kuwa tubarkalla, kore shar, a garin da zafin watan Maris ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Wanda ya san filin nan kafin gyara, yadda aka gina shi a 1978 zamanin Shugaba Ahidjo, muna zama kan siminti mai zafi kamar tanda, zai san an yi aiki. Yanzu kujera ce kowa da tasa, kuma daga inda na zauna ina ganin kusurwa huɗu ba mai tare ni. Kuskurena ɗaya, na sayi tikitin ɓangaren da ba inuwa. Kafin hutun rabin lokaci na shanye ledar ruwa huɗu.

Filin da aka ce yana ɗaukar mutum 30,000, ranar nan in ka yi kira daga wannan gefe, na can gefen zai amsa. Ina kallon kujerun da ba kowa ina lissafin ɗan kasuwa: ruwan ban ciyawa, kuɗin wuta, masu shara, masu gadi. Kuɗin ƙofarmu na ranar ba zai ɗauki wannan ba.

Da na faɗa wa yaron, sai ya ce, "Kawu, ai ko Manchester United gwamnati take nema ta sa hannu." Shi ɗan United ne, Allah ya ba shi haƙuri. Gaskiyarsa kuwa: a Maris 2025 Jim Ratcliffe, ɗaya daga masu kulob ɗin, ya fito da zanen sabon fili mai kujera 100,000 na kusan fam biliyan 2, ya ce kulob zai gina, amma gwamnati ta ɗauki nauyin gyaran unguwar da ke kewaye. Na ce masa ya tambayi mutanen Landan. Da kuɗin jama'a aka gina filin Olamfik na 2012, West Ham ta tare a 2016 kan hayar fam miliyan 2.5 a shekara, yarjejeniyar shekara 99. Mai gida da ɗawainiya, ɗan haya da morewa.

Mu nan cinikin bai kai ga haka ba. Gwamnati ce ta gyara filin, ta ba kamfanin Mota-Engil kwangila. Coton Sport ta kamfanin auduga na Sodecoton ce, Sodecoton kuma kaso mafi yawa na gwamnati ne. Aljihun dama ne ke ciniki da na hagu. Ban ga laifin hakan ba ga kulob ɗin da ya kai mu wasan ƙarshe na zakarun Afirka da Al Ahly a 2008, kuma gumin manoman auduga ne ke ƙarƙashinsa. Amma tun da kuɗinmu ne, ina so in ga yaran makarantu da ƙananan kulob na unguwa suna taka wannan ciyawa su ma.

Zan koma, in sha Allahu, ɓangaren inuwa. Ku kuma yi cinikin mashin kafin a tashi, domin wanda ya kawo mu a sefa 200, da aka fito 500 ya ce, ko kunya babu.