Imaj ɗin gcc na Docker Hub ko Ubuntu da ka haɗa da hannunka?

Salamu alaikum ƴan uwa. Jiya da dare ƙanenmu na Tawa ya kawo tambaya: yana rubuta shiri da C++, a kwamfutarsa komai lafiya lau, amma da ya tura kod ɗin GitLab, dandalin da ke ajiye kod yana kuma gina shi da kansa, sai ginin atomatik ya cije a layin da ya kira <print>. Ya duba fayil ɗin ginin, ya tarar imaj ɗin da ke ciki, wato shiryayyen kunshin tsarin da ake yin ginin a cikinsa, ubuntu:22.04 ne. Yana neman inda zai samu kwantena (keɓaɓɓen wurin aiki da ake tayarwa daga imaj) mai sabon kwampaila (manhajar da ke mayar da kod shiri), wadda kuma ake kula da ita. Wani ya ce ya ɗauki gcc:latest, wani ya ce Fedora. Na ga maganar ta fi ƙarfin layi biyu, shi ya sa na bari sai da safe.

Ƙanena, abin da ya tsayar da kai a fili yake. Ubuntu 22.04 da kwampailan GCC bugu na 11 yake zuwa, shi kuwa <print> sai a GCC 14 ya shigo, bugun da ya fito a Mayu 2024, kuma sai ka haɗa da -std=c++23. Ko ka saka g++-12, wato kwampailan C++ na GCC 12, daga ma'ajiyar 22.04 ɗin, ba zai kai ka ba. Hanyoyi biyu ne na gaske a gabanka, kuma na bi su duka a wurin aikinmu nan Yamai.

Ta farko ita ce imaj ɗin da ake kira gcc a Docker Hub, rumbun da ake sauke imaj daga cikinsa, cikin jerin imaj na hukuma. Ana gina kwampailan ne daga tushen kod ɗinsa, a ɗora shi a kan Debian. Ka rubuta gcc:14 a fayil ɗinka, shi ke nan, ka samu GCC 14 da make da git. GCC na fitar da babban bugu sau ɗaya a shekara, wajen Afrilu ko Mayu: 13 a 2023, 14 a 2024, 15 a Afrilu 2025, kuma imaj ɗin ba ya daɗewa yake biyo baya. Idan sabunta kaɗai kake nema, da wuya ka samu wanda ya fi shi sauƙi. Amma babu CMake, manhajar tsara gini, a ciki, sai ka saka da kanka. Kuma ƙato ne, idan aka kwance shi ya haura gigabait ɗaya.

Ta biyu ita ce ka ɗauki ubuntu:24.04, ka saka g++-14 da cmake ta apt, umarnin saka manhajoji na Ubuntu. Shi 24.04 da GCC 13 yake zuwa, amma 14 na nan a ma'ajiyarsa, ba sai ka je neman wata ma'ajiya ta gefe ba. Debian 13 da ya fito a Agusta 2025 ma GCC 14 ne nasa kai tsaye. A wannan hanya kullum kana bayan zamani da bugu ɗaya ko biyu, wannan gaskiya ne. Sai dai abin da kake samu a madadi ya fi abin da ka rasa, kuma a nan nake so ka tsaya da ni.

Ba ka faɗa mana ba, a wace na'ura shirin nan zai yi aiki idan an gama gina shi? Wannan ce tambayar da ke raba hanyoyin biyu.

Bara mun gina wani ƙaramin shiri a cikin gcc:14. Gwaje-gwaje duka suka wuce, alamar kore ta fito. Na zuba fayil ɗin a kile, na hau babur cikin ranar azahar na kai wa mai aikin a shagonsa. Kwamfutarsa Ubuntu 22.04 ce. Na buga sunan shirin, sai layi ɗaya ya fito a baƙin allo yana cewa ba a samu GLIBCXX_3.4.32 ba. Mutumin yana tsaye a bayana da kofin shayi a hannu, yana jiran ya ga lissafin kayansa. Kod ɗinmu ba shi da aibi ko ɗaya. Abin da ya faru shi ne, imaj ɗin gcc yana ajiye nasa libstdc++ sabo, wato laburaren C++ da shiri ke buƙata in zai tashi, a /usr/local/lib64, shirin ya ɗaure da shi, ita kuwa na'urar mai shagon nata na zamanin GCC 12 ne, ya tsaya a 3.4.30. Shirin ya zo yana neman abin da babu shi a gidan.

Akwai magani: ka ƙara -static-libstdc++ da -static-libgcc wajen haɗawa, shirin ya tafi da guzurinsa. Amma rabin magani ne, domin glibc, laburaren C na tsarin, ita ma tana da irin wannan hali. Ubuntu 22.04 na da 2.35, Debian 12 na da 2.36, Ubuntu 24.04 na da 2.39. Abin da aka gina a kan tsohuwa yana tafiya a kan sabuwa, amma wanda aka gina a kan sabuwa ba lallai ya tashi a kan tsohuwa ba. Shi ya sa idan sabar ɗinka 24.04 ce, kuma ka yi gini a cikin ubuntu:24.04 da g++-14, wannan ciwon kai bai shafe ka ba sam: abin da kwampaila ya gani a kwantena, shi shirin zai tarar a sabar. Idan kuwa shirin a cikin kwantena zai zauna har abada, to gcc:14 ba laifi, muddin ka tabbata imaj ɗin da zai yi aiki a ciki yana ɗauke da libstdc++ ɗin da ya dace.

Maganar nauyi kuma ta danganta da inda injin ginin yake. Idan injinan GitLab na can ƙetare ne ke maka aikin, saukar da gigabait ba daga forfe ɗinka take fita ba, ƴan daƙiƙoƙi kawai take ci. Idan kuwa injin a biro ɗinku yake kamar namu, to kowane megabait kuɗi ne, kuma in kuran ya ɗauke ana tsakiyar saukewa, sai a sake ɓangaren da bai kammala ba. Kada kuma ka bar apt install a cikin kowane gini, yana sauke kaya iri ɗaya sau ashirin a yini. Ka rubuta Dockerfile, fayil ɗin da ke faɗin yadda za a haɗa imaj, mai layi huɗu ko biyar, ka gina imaj ɗinka sau ɗaya, ka ajiye a rumbun kwantena da GitLab ke bai wa kowane aiki, ginin yau da kullum ya riƙa ɗauka daga can. Wannan zai kuma raba ka da iyakar Docker Hub. Tun Nuwamba 2020 suka fara ƙayyade yawan saukewa, a lokacin sau 100 cikin awa 6 ga wanda bai shiga da asusu ba, kuma da adireshin intanet ake ƙirgawa. A wurinmu, inda mutane da yawa kan fita ta adireshi ɗaya, kana iya tarar da an cinye rabonka kai ba ka taɓa komai ba.

Sai dai ka sani, imaj ɗin da ka haɗa da hannunka kiwonsa a wuyanka yake. Na hukuma ana sake gina shi duk lokacin da Debian ɗin da ke ƙarƙashinsa ya samu gyara. Naka kuwa, in ka manta da shi, haka zai zauna shekara biyu da tsofaffin ramukan tsaro. Ka sa masa jadawali a GitLab, ya riƙa sake gina kansa sau ɗaya a mako, misali daren Lahadi.

Ga ɗan uwan da ya ce gcc:latest, ina girmama shawararsa amma ban yarda da ita ba. Laƙabin latest tafiya yake yi, yau yana kan wannan bugu, gobe a wayi gari ya koma wani. GCC 14 ya mayar da wasu abubuwa na C da a da gargaɗi ne kawai suka zama kuskure mai tsayar da gini, kamar kiran aikin kod (function) da ba a gabatar da shi ba. GCC 15 kuma ya mayar da C23 ƙa'idarsa ta asali, inda bool ta zama kalmar harshen kanta, tsohon kod da ya ƙirƙiri tasa bool sai ya ƙi ginuwa. Mutum ya kwana aikinsa kore, ya tashi ya gan shi ja, bai canza ko waƙafi ba. Ka rubuta lambar bugun a fili. In kana son tabbaci ya fi haka, ka liƙa lambar sha256 ta imaj ɗin, wato lambar shaidarsa da ba ta canzawa, a bayan sunan, ka bar Renovate, manhajar da ke bibiyar sababbin bugu, ya riƙa kawo maka shawarar sabuntawa, kai kuma ka duba kafin ka amince.

Fedora kuwa takan riga kowa ɗaukar sabon GCC, bugu na 40 ya zo da 14, na 42 ya zo da 15, amma kowane bugu wajen wata 13 ake kula da shi, sai ka yi ta ƙaura. Alpine ƙarama ce ƙwarai, sai dai wani laburaren C mai suna musl take amfani da shi ba glibc ba, abin da ka gina a can ba zai tashi a Ubuntu haka kawai ba. Clang, wani kwampailan daban, ba shi da imaj na hukuma a Docker Hub. Waɗanda za ka gani na ɗaiɗaikun mutane ne, wasu ana kula da su, wasu an yi watsi da su tuntuni, don haka ka duba ranar turawa ta ƙarshe da inda Dockerfile ɗin yake kafin ka dogara da su. Ni na fi son in saka shi daga apt.llvm.org a cikin imaj ɗina.

Da ni ne kai, aiki biyu zan sa a fayil ɗin. Na farko, wanda ke fitar da shirin da za a kai wa mutane, a cikin imaj ɗina na Ubuntu 24.04 da g++-14. Na biyu a cikin gcc:15, gwaji kawai, da allow_failure a kunne ta yadda faɗuwarsa ba za ta tsayar da sauran ba, don in ga abin da sabon kwampaila zai yi ƙorafi a kai tun kafin ya iso sabar. A duka biyun, layin farko ya kasance g++ --version, ko g++-14 --version a na Ubuntu, domin ranar da abu ya lalace ka san da wa aka yi ginin.

Kafin ka taɓa komai, je ka na'urar da shirin zai zauna, ka buga cat /etc/os-release da ldd --version, ka turo mana abin da suka nuna. In ta fito 22.04, sai mu zauna mu duba ko a ɗaga ta zuwa 24.04 ko a sa shirin cikin kwantena. Ina kan layi bayan la'asar in sha Allah.