Keken lantarki mai wat 500: abin da na gani a hanya

Duk mai tallar keken lantarki, ƙarfin inji yake fara nuna maka. Nawa an rubuta wat 500 a jikinsa, injin yana cikin tayar baya, batirin kuma 48V 13Ah ne (V bolt ke nan, Ah kuma ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa). Bayan watannin da na yi ina hawansa zuwa aiki, a ganina wat ɗin nan ce lambar da ta fi ƙarancin gaya maka yadda keken zai yi a hanya.

Wat 500 ƙarfin da injin zai jure ne na dogon lokaci ba tare da ya ɗau zafi fiye da kima ba. Fizgar da kake ji idan ka murɗa totur kuwa, kwantirola ce ke ƙayyade ta, wato ɗan akwatin da ke raba wuta tsakanin batir da inji. Tawa amfiya 18 take bari su wuce. Ka ninka da bolt 48, za ka samu wat 864. Shi ya sa kekuna biyu masu lamba ɗaya a jikin inji, ɗaya zai tashi da kuzari, ɗaya kuma sai ka taimaka masa da feda.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Tashi lafiya, gudu lafiya, ƙara ba ta dame ni ba. A tudu ne na gane iyakarsa. Injin da ke cikin taya ba ya cin moriyar giyar keke, don haka idan hawa ya yi tsawo, gudu ya ragu, sai ya riƙa shan wuta mai yawa yana mayar da ita zafi. Na taɓa shi bayan wani dogon hawa, hannu ba ya daɗewa a kai. Wani abokin aikina yana da keke mai wat 250 kacal, iyakar da dokar Tarayyar Turai ta sa tare da yanke taimakon inji a kilomita 25 a awa, amma injinsa a tsakiya yake, wurin feda, yana jan sarƙa ta cikin giya. Ƙarfin murɗawar injinsa, wanda ake aunawa da Nm, 85Nm ne, nawa bai kai haka ba. A tudu guda ya wuce ni cikin sauƙi. Wannan lambar ta Nm ita ya kamata mai zama a wuri mai tuddai ya tambaya.

Sai batir, inda na fi son mai saye ya tsaya ya yi lissafi. Ah kaɗai ba ta isa ba. Ninka bolt da Ah, abin da ya fito shi ne Wh, girman tankinka ke nan. Nawa 624Wh. Batir mai 36V 13Ah kuwa 468Wh ne, ko da yake dukansu 13Ah aka rubuta. Idan na sa taimakon inji a ƙaramin mataki ina taka feda, caji ɗaya yana kai ni kusan kilomita 55. Idan na dogara da totur zalla ina gudu, da kyar nake haura 30. Iska ce ke cinye wutar: ka ninka gudunka sau biyu, ƙarfin da ake buƙata don keta iska ya ninka kusan sau takwas. Nauyin kaya da taya maras isasshiyar iska su ma suna da nasu rabon.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ƙarshen caji. Batirin 48V idan ya cika yana kan bolt 54.6, yana sauka a hankali, ƙarfin keken yana sauka tare da shi. Idan saura kashi ɗaya cikin huɗu, keken ya zama wani daban, a tudu ma allon yakan nuna batir ya kusa ƙarewa, in ka sauko ya farfaɗo. Cajar da ta zo da shi mai amfiya 2 ce, daga ƙasa zuwa cika sai ta ci kusan awa bakwai.

Ga mai hanya shimfiɗaɗɗiya wadda zuwa da dawowa ba su wuce kilomita 25 ba, keken nan ya wadatar, kuma ina jin daɗinsa. Ni dai da zan sake saye, inji na tsakiya zan nema da batir mai sama da 700Wh, ko da wat ɗin bai kai wannan ba.