Yadda ofishin Financial Ombudsman Service ya duba kokena a kan kamfanin inshorar gida

Na shafe shekara shida ina biyan kuɗin inshorar gidanmu da ke Manchesta ba tare da na taɓa neman ko kwabo ba, har ranar da tsautsayi ya kai ni saman silin. Tsofaffin gidajen jan bulo na Ingila, waɗanda aka jera manne da juna, suna da wani fili tsakanin silin da rufi inda ake jibge kayan da ba kullum ake buƙatarsu ba, kuma a namu gidan ba a shimfiɗa katako a wurin ba, sai dai mutum ya riƙa taka azara ɗaya bayan ɗaya. Na hau ne domin in sauko da akwatunan tafiya, ina janyo na biyu ƙafata ta zame, ta fasa silin, ta leƙa ɗakin yara har gwiwa. Uwargida da ke ninke kaya a ɗakin ba ta ga komai ba sai ƙafa sanye da safa da ƙura tana zubowa, tana salati tana cewa, "Maigida, kana da rai kuwa?" Alhamdu lillahi ban karye ba, amma kusan rabin silin ɗin ya tsage, wani ɓangarensa kuma ya rufto a kan gado.

Hankalina bai tashi ba a lokacin, domin na san abin da na saya. Bankin da ya ba mu bashin sayen gida shi ya sharɗanta inshorar gini, wadda ke ɗaukar gobara da ambaliya da guguwa da makamantansu, amma kariya daga ɓarnar tsautsayi ƙari ne da mutum kan zaɓa da kansa ya biya kuɗinsa daban, ni kuwa na zaɓa. Takardar yarjejeniyar ta fassara irin wannan ɓarna da cewa ita ce wadda ta auku farat ɗaya, ba zato, kuma ba da gangan ba. Ban san abin da ya fi ƙafa a cikin silin dacewa da wannan fassara ba.

Kamfanin, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya turo mai duba ɓarna. Bai cika minti ashirin a gidan ba, ya ɗauki hotuna daga ƙasa, bai ko taka tsani ya leƙa sama ba. Bayan mako biyu sai ga wasiƙa cewa ba za su biya ba, wai an ga tabon ruwa a kusurwar ɗakin, wanda ke nuna cewa danshi ya daɗe yana cin filastar, don haka lalacewa ce ta sannu a hankali, ita kuwa yarjejeniyar ta cire ta daga abin da ake biya. Tabon yana nan, ban musa ba, amma tsakaninsa da ramin ya kai mita biyu, kuma saura ne na wani yoyo da aka gyara tun kafin mu sayi gidan.

Ba a tafiya kai tsaye wurin Ombudsman, wato ofishin da ke raba gardama tsakanin kamfanonin kuɗi da abokan cinikinsu a Birtaniya, kuma wannan shi ne abin da ya kamata mai karatu ya fara riƙewa. Dole ne ka fara shigar da koke ga kamfanin kansa, kana mai bayyana cewa koke ne ba tambaya ba. Ƙa'idar hukumar FCA, wadda ke sa ido a kan kamfanonin kuɗi a Birtaniya, ta ba kamfani mako takwas ya ba da amsarsa ta ƙarshe. Idan amsar ta zo ba ta gamsar da kai ba, ko mako takwas ya cika shiru, to ƙofa ta buɗe, kuma kana da wata shida daga ranar da ke kan wasiƙar ƙarshe ka kai ƙara. A cikin wannan jira na yi abu biyu da suka amfane ni daga baya. Na nemi kamfanin ya ba ni rahoton mutumin da ya turo da duk bayanan da suka ajiye a kaina, wanda dokar kare bayanai ta wajabta masu bayarwa cikin wata guda, sannan na kira wani mai filasta da ya daɗe a sana'ar, ya hau sama da fitila da na'urar gwada danshi, ya rubuta mini shafi ɗaya cewa azarar da filastar da ke kewaye da ramin a bushe suke ƙayau. Shi ne kuma ya yi gyaran a kan fam 1,400 da na biya daga aljihuna, domin ba za a bar yara suna kwana a falo har a gama shari'a ba. Amsar ƙarshe ta kamfanin ta iso a mako na bakwai, kusan kalma da kalma irin ta farko.

Majalisar dokokin Birtaniya ce ta kafa Financial Ombudsman Service a ƙarƙashin dokar harkokin kuɗi ta shekarar 2000, ya fara aiki a 2001, kuma ofishinsa yana Landan. Mai koke ba ya biyan ko sisi, kamfanonin ne ke ɗaukar nauyin tafiyar da shi. Na cike fom a intanet cikin yamma ɗaya, na haɗa da wasiƙar ƙarshe da takardar yarjejeniya da hotunan da uwargida ta ɗauka da wayarta kafin mu share ƙurar, da rahoton mai filasta da rasit ɗinsa. Fom ɗin ba ya buƙatar Turancin lauyoyi, tambayarsa ita ce me ya faru, me kamfanin ya ce, kuma me kake so a yi maka. Akwai kamfanonin da ke tallar za su bi wa mutum haƙƙinsa su yanki wani kaso na abin da aka samu, amma a irin wannan magana ban ga abin da za su yi wanda mai gida ba zai iya yi da kansa ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda jami'ar binciken da aka miƙa wa fayil ɗina ta tsara maganar. Ta kira ni a waya, ta saurare ni har na gama, sannan ta bayyana mini cewa nauyin hujja kashi biyu ne. Ni ne zan nuna cewa abin da yarjejeniyar ta ɗauki nauyi ya auku, wato ɓarna ta tsautsayi. Idan kuwa kamfanin yana so ya fake da wani sharaɗi da ya cire biya, to shi ne zai kawo hujjar cewa sharaɗin ya hau kan wannan ɓarnar. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san cewa hujja tana kan mai da'awa, sai dai wasiƙun kamfanin sun sa na manta cewa shi ma da'awa yake yi, har na riƙa jin kamar ni ne ake tuhuma. Da ta ɗora rahoton mutumin da bai hau tsani ba kusa da na wanda ya hau ya gwada, sai ta rubuta wa ɓangarorin biyu ra'ayinta cewa kamfanin bai nuna danshi ne ya jawo faɗuwar silin ba, kuma ko sabuwar filasta ba a yi ta don ta ɗauki nauyin babban mutum ba. Ma'aunin ofishin shi ne abin da ya dace kuma ya yi adalci a yanayin da ake ciki, tare da la'akari da doka da ƙa'idojin FCA, waɗanda suka hana kamfanin inshora ƙin biya ba bisa dalili mai kyau ba.

Da ɗayanmu bai yarda da ra'ayinta ba, da maganar ta wuce gaban Ombudsman ɗin kansa, wanda ke yanke hukuncin ƙarshe. Wannan hukunci yana ɗaure kamfani idan mai koke ya karɓa, amma idan ya ƙi karɓa, hanyar kotu tana nan a buɗe gare shi. Mu ba mu kai nan ba, kamfanin ya amince. Sun mayar mini da kuɗin gyaran bayan an cire fam 250, kason da yarjejeniyar ta ce ni zan ɗauka a kowace ɓarna, suka ƙara fam 150 na wahalar da suka ba mu.

Duk da haka, kada wani ya ɗauka ofishin lauyansa ne. Mai raba gardama ne, yana kuma aiki ne da takardun da aka ajiye a gabansa. Babu wanda ya zo gidana daga ofishin ya duba silin, kuma na tabbata da ban kawo rahoton mai filasta ba, da maganata ce kawai a gaban ta wanda ake kira ƙwararre. Haka nan ba ya ƙirƙiro kariyar da mutum bai saya ba. Wanda bai ƙara ɓarnar tsautsayi a inshorarsa ba, ko wanda kyanwa ta yage masa kafet alhali yarjejeniyarsa ta cire ɓarnar dabbobin gida, da wuya ya samu wani abu a can. Sannan aiki ne na watanni, daga ranar da na aika fom zuwa ranar da kuɗi ya shigo an yi kusan wata huɗu, don haka mai buƙatar gyaran gaggawa sai ya nemo kuɗin a wani wuri, ya adana rasit da hotuna kafin a taɓa komai.

Da lokacin sabunta inshora ya zo na koma wani kamfani, na kuma faɗa masu gaskiya cewa an taɓa biyana diyya, abin da ya ɗan ɗaga mini kuɗin shekara. Fam 150 ɗin nan kuwa katako na saya da su, na shimfiɗa a saman silin daga bakin ƙofa har inda akwatunan suke.