Shekara uku da sandar fatsa mai ƙafa 9

Sandar da zan yi magana a kanta ta shekara uku a hannuna. Ta kabon ce, wato wasu zaruruwa masu ƙarfi marasa nauyi da ake mannewa, tsawonta ƙafa 9, wato kusan mita 2.7, gaɓoɓi huɗu ake harhaɗawa, kuma an ƙera ta don zare mai lamba 5. Da ita nake kamun tirawut, kifin nan mai ɗigo-ɗigo a jiki wanda ba ya rayuwa sai a ruwa mai sanyi. Da gangan na jinkirta faɗin ra'ayina. Sabuwar sanda kowa yabonta yake yi. Sai ta sha ruwa da rana, ta karye an gyara, sannan mai ita yake sanin abin da ya saya.

Wanda ya saba da fatsa mai koto da dalma zai ga wannan kamu wani iri. Babu tana, babu dalma. Ƙugiya ake ɗaure wa gashin tsuntsu da na dabba da siririn zare, har ta yi kama da ƙwaron da kifi ke ci. Wannan ƙwaron bogi ba shi da nauyin da za a wurga shi, don haka zaren ne mai nauyi, shi ke ɗaukar ƙwaron ya kai shi inda ake so. Lambar da ake rubutawa a jikin sanda ta nauyin zaren ce. Masu ƙera kayan kamun kifi na Amurka ne suka tsara ma'aunin tun farkon shekarun 1960: ana auna ƙafa 30 na farkon zaren, kuma lamba 5 tana daidai da kusan giram 9. Aikin sanda shi ne ta lanƙwashe da wannan ɗan nauyi, ta miƙe, ta sake shi. In ba ta iya wannan ba, kyanta na banza ne.

Tawa ta iya. Daga tsakiya take fara lanƙwasa, ba daga tsini kaɗai ba, shi ya sa hannu ke jin lokacin da zaren ya gama miƙewa a baya. Wata safiya a shekarar farko na tsaya cikin ruwa zuwa gwiwa, ƙwari na tashi daga saman rafi kamar hayaƙi. Can ƙarƙashin wani reshe da ya sunkuyo, kamar taku goma sha biyu daga inda nake, wani kifi yana ɗago baki yana tsintarsu ɗaya-ɗaya, zoben ruwa na buɗewa duk sanda ya taɓa sama. Tsakanin reshen da ruwa bai fi kamu biyu ba. Na kwantar da sandar gefe, na wurga ƙasa-ƙasa, zaren ya shige ƙarƙashin ganye, ƙwaron ya sauka ba ƙara. Ruwa ya tafi da shi kamar taku ɗaya, kifin ya ɗago ya haɗiye. Siririn zaren da ke ƙarshe bai fi gashin kai kauri sosai ba, amma da kifin ya fizga sai tsinin sandar ya bi shi, ya shanye fizgar, zaren bai tsinke ba. Daga mita 7 zuwa 15 ban ga abin da zan nema a wata sanda wanda wannan ba ta ba ni ba.

Inda take gazawa ma na sani. In iska ta taso gaba da gaba sai an yi da gaske, musamman da babban ƙwaro. A ƙaramar ƙorama mai sarƙaƙiya kuma tsawonta ya yi yawa. Rabin yini mutum zai yi yana ciro ƙugiya daga reshe, kuma a wurgi na kusa-kusa zaren da ke waje bai isa ya lanƙwasa ta ba. Wanda ƙananan ƙoramu ne wurin kamunsa, ya nemi mai ƙafa 7 da rabi, lamba 3.

Abin da ya ɓata mini rai da gaske shi ne mariƙinta. Da ɓawon itacen nan da ake toshe kwalba ake yin mariƙi, wanda akasarinsa daga Fotugal yake fitowa, kuma daraja-daraja ne. Mai kyau ramukansa kaɗan ne. Nawa an cike ramukan da wani gari mai launin ɓawon, a ido sumul, amma kafin ƙarshen shekara ta biyu cikon ya zube, daidai inda babban yatsa ke zama. Zoben da ke ɗaure ƙwarƙwaron zare shi ma yana kwancewa da kansa, sai na riƙa murɗa shi sau biyu ko uku a yini. Kwanson da ake ajiye ta kuwa mai ƙarfi ne, ya faɗo daga mota a kan dutse bai ko lotsa ba.

A shekara ta biyu ta karye. Ƙaramin kifi ne, bai kai tsawon tafin hannu da rabi ba, na ɗaga sandar sai na ji ƙas, gaɓar sama ta rabu biyu. Na fusata, na ɗora wa masu ƙera ta laifi. Dattijon da ya koya mini wannan kamu, wanda nake kira Baba, yana can gaba kaɗan. Ya taho ya karɓi guntayen, ya juya su a rana, ya sa farce a bakin karayar.

"Ɗana, taɓa nan."

Na taɓa. Akwai wani ɗan tabo fari, bai fi ƙwayar yashi biyu ba.

"Ƙwaro mai kan ƙarfe ka yi amfani da shi kwanan nan?"

Na ce ƙwarai, Baba, makonni biyu da suka wuce, ranar da aka yi iska.

"To ranar ta karye. Yau dai ta faɗa maka ne."

Gaskiyarsa. Akwai ƙwarin bogi da ake sa wa ɗan dunƙulen ƙarfe a ka don su nitse, kuma in wurgi ya karkace dunƙulen yakan bugi sanda da gudu. Sandar kabon bututu ce, cikinta rami, bangonta siriri ƙwarai wajen tsini. Bugu ɗaya ya isa ya tsinka zaruruwan da ke wurin, sai ta jira ranar da aka lanƙwasa ta. Tun da kabon ya shigo cikin sandunan fatsa a shekarun 1970 ya kawar da na faiba (zaren gilashi) da na gora a hannun yawancin mutane saboda rashin nauyi, amma bai kai su jure duka ba.

Na aika wa kamfanin gaɓar da ta karye. Sati bakwai na jira, na rubuta musu sau biyu ba amsa, mafi kyan lokacin kamu ya wuce ina aron sandar Baba. Wannan sakaci ne, kuma duk mai niyyar saye ya sa shi a lissafi. Amma da sabuwar gaɓar ta iso ta zauna daram, lanƙwasarta ta bi ta sauran, ban ji bambanci a hannu ba.

Tun daga nan na gyara yadda nake riƙonta, kuma yawancin abin da nake yi daga bakin Baba na ji shi. Mahaɗan gaɓoɓi su ne wurin da sanda ta fi rauni. Nakan goga musu guntun kyandir sau biyu ko uku a shekara, in share yashi kafin in haɗa, in tura gaɓar a ɗan karkace sannan in murɗa ta zobban da zare ke bi ta cikinsu su daidaita. Bayan kowace awa ina duba su, domin mahaɗar da ta yi sako-sako in aka wurga da ita bakinta tsagewa yake yi. In ƙugiya ta maƙale a itace ba na ja da sanda; nakan miƙar da ita, in kama zaren da hannu. In kifi ya iso kusa ba na ɗaga ta tsaye tana kallon sama, don a nan ne duk nauyin ke komawa kan tsini. Cikin kurmi gindinta ke gaba, tsini a baya. Kusa da mota kuwa ba na jingina ta ko na minti ɗaya, ƙofar mota ta ci sanduna da yawa. Da na dawo sai in ware ta, in goge, in bar ta ta kwana a waje da rigarta ta yadi. Sanda mai laima in aka rufe ta a kwanso mariƙin fumfuna yake yi, fentin ya yi ƙuraje. Zobban kuma nakan zura musu auduga lokaci-lokaci. Inda ta maƙale, to ƙarfen ya ci, zai riƙa yankar zare.

Da wannan ɗan kulawa sandar tana nan lafiya. Amma a shekara ta uku ta fi daɗewa a kwanso fiye da a hannuna, kuma ba laifinta ba ne.

Rafin da na fi zuwa, an fara gina rukunin gidaje a samansa. Katafila ta kwashe itatuwan bakin ruwa na wani dogon yanki, aka shimfiɗa hanya, aka binne kwalbati inda wata ƙaramar ƙorama ke shigowa. Ruwan sama na farko bayan haka, rafin da nake ganin tsakuwar ƙasansa ya koma ja, ya kwana uku bai washe ba. Da ya washe na shiga na ɗaga dutse, kamar yadda na saba kafin in zaɓi ƙwaron da zan ɗaura. A da ƙarƙashin dutse ɗaya sai ka ƙirga gidajen tsutsa goma ko fiye, irin tsutsar nan da ke manna ƙwayoyin yashi ta gina wa kanta ɗan bututu ta shige, ga wasu masu jela uku suna rarrafe suna neman ɓuya. Ranar dutsen ma da ƙyar ya ɗagu, laka ta riƙe shi kamar siminti. Na ɗaga bakwai, na ga gida biyu.

Lakar nan ba abincin kifi kaɗai take kashewa ba. Macen tirawut da jelarta take haƙa rami a cikin tsakuwa, ta zuba ƙwai, ta rufe. Ƙwan yana yin makonni a binne, yana shaƙar iskar da ruwa ke kawowa ta tsakanin tsakuwa. In laka ta cike waɗannan ƙofofi, ƙwan ya shaƙe. Ga kuma zafi. Inuwar itace ta tafi, ruwan sama kuma maimakon ya nitse ƙasa ya fito a maɓuɓɓuga da sanyinsa, yanzu a kan kwalta da rufin gida mai zafi yake sauka, ya kwararo rafi kai tsaye. Masu binciken ruwa sun daɗe da lura cewa da zarar kwalta da rufi sun rufe kusan kashi 10 cikin 100 na ƙasar da ke zuba ruwa a rafi, lafiyarsa ta fara tafiya. Ma'aunin zafina, wanda a da yake nuna digiri 16 ko 17 a wannan wuri da rana, sai ga shi yana nuna 22. Ruwa mai ɗumi iskarsa kaɗan ce, kuma daga digiri 20 tirawut ya fara wahala. Wanda aka kama aka saki a irin wannan ruwa yakan tafi kamar lafiya, ya mutu daga baya. A jihar Montana ta Amurka, in ruwa ya kai kusan digiri 23 kwana uku a jere, hukuma takan hana kamu daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare. Ni na sa wa kaina 20. Ya kai, na naɗe.

A nan ne na ƙara ganin darajar sandar ta wata fuska. Gindinta yana da ƙarfi. A ranakun da ruwa ke 18 ko 19, nakan kawo kifi raga cikin minti ɗaya ko biyu, in jiƙa hannu, in zare ƙugiyar da na riga na danne ƙayarta, ya tafi bai bar ruwa ba. Da sanda mai laushi sosai sai an ja shi har ya galabaita.

Ba na gaba da gina gidaje, mutane na buƙatar wurin kwana. Amma an san yadda ake gini a bar rafi da ransa, kuma masu fatsa sun daɗe suna wannan fafutuka. Ƙungiyar Trout Unlimited a bakin kogin Au Sable na jihar Michigan aka kafa ta a 1959, kuma har yau aikinta ke nan. A Ingila, inda mafi yawan rafukan duniya masu ɓuɓɓugowa daga dutsen alli suke, irin su Test da Itchen, rigimar jan ruwa da ƙazantar birane ba ta ƙare ba. Mu masu fatsa a rafinmu kaɗan ne, amma mun je zaman jin ra'ayin jama'a da hotuna da takardar da Baba ke rubuta zafin ruwa a ciki duk mako. Mun nemi a kafa shingen tare laka kewaye da wurin aiki, a haƙa tafkin da ruwan kwalta zai tsaya ya huce kafin ya shiga rafi, a mayar da itatuwa a bakin ruwa, a kuma sauya kwalbatin. An yi shingen, an haƙa tafkin, an dasa itatuwa da ba su kai ƙugu ba tukuna. Kwalbatin yana nan. Bakinsa ya ɗaga sama da ruwa kamar kamu biyu, kuma a kaka na tsaya na ga kifi suna tsalle suna bugun bakinsa suna faɗowa, ba su iya hawa zuwa tsakuwar da suka saba zuba ƙwai ba.

Wanda ke neman sanda guda don matsakaicin rafi, ina ba shi shawarar irin wannan, ya dai duba mariƙin da kyau kafin ya biya, ya tambayi tsawon lokacin gyara, ya kuma haɗa da ma'aunin zafi a aljihu. Ramukan mariƙin tawa na cike su da garin ɓawo da gam, na goge da sanfefa. Makon jiya ruwa ya nuna 15, na kama biyu ƙasa da tafkin na sake su. Takardarmu ta uku a kan kwalbatin tana hannun Baba, saura mutum huɗu su sa hannu.